Ciyawar da Na Yanke a Jamus

Tun da na dawo daga Jamus ban huta da tambaya ba. A kasuwa, in na ɗaure wa mace alayyahu sai ta ƙi tafiya, ta ce, "Hajiya Talatu, wai da gaske ne can rana ba ta faɗuwa?" Matan layinmu na Agege a nan Legas kuwa har ɗaki suke biyo ni. Na ba wannan labari, na ba waccan, har na fara manta abin da na gaya wa wa. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa sau ɗaya daga farko. Amma ku sani, abin da ya fi tsaya mini a rai ba dogayen gine-gine ba ne. Wani ɗan fure ne da bai wuce kan babban yatsa ba, wanda saura ƙiris ya raba 'yata da gidan da take zaune.

Autata Bilkisu ce ta haihu. Aikin jinya take yi a can, mijinta Kabiru kuma yana wata masana'anta. Da a gida take, da ɗakina za ta zo wanka. Tun da ba hali, ni na shirya na bi ta.

Neman biza kaɗai ya isa labari. Sau uku ina barin Agege da sallar asuba, in shiga wannan motar haya ta danfo in fita in shiga waccan, in tsaya layi rana ta dake ni. Mai ɗaukar hoto ya ce kada in yi murmushi. Na ce masa ai layin nan ya riga ya ɗauke shi.

Da aka ji tafiya ta tabbata, kowa ya kawo abin da zan kai wa mai jego. Na cika jaka guda da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kanwa da garin gero. Maƙwabciyata Iya Risi ta kawo man shanu kwalba biyu, ƙanena ya aiko da kilishi daga kasuwar Mile 12. A jirgi Allah ya haɗa ni da wata 'yar kasuwa Inyamura wadda ta saba hanyar. Ita ta ɗaure mini bel, ita ta nuna mini yadda ake buɗe ƙofar bayi. Inda muka sauya jirgi kuma ita ta riƙe hannuna muka hau wata hanya mai tafiya da kanta. Na ce mata a kawo mana irinta Oshodi. Ta ce cikin sati guda za a kafa mata tebur ana sayar da gasasshiyar masara a kai.

A filin jirgin Jamus wani kare ya zo ya tsaya a jikin jakata ya ƙi gaba. Ni kuma ina ta janye zanena kada ya taɓa ni. Wata ma'aikaciya, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Bilkisu ba, ta ce in buɗe. Tana kwance ƙullin daddawa ta ja da baya tana toshe hanci. Da Turancinmu na Legas na ce mata na miya ne. Kanwa ce ta fi ba su tsoro. Suka ɗebi kaɗan suka shiga da ita wani ɗaki, na zauna ina ta salati, can suka dawo suka miƙo mini abata. Kilishi da man shanu kuwa ta ce nama da abin da aka yi da nono ba sa shiga ƙasarsu. Na ce to ta ci kilishin mana, kada a yi asara. Ta yi dariya, ta jefa a kwandon shara a gabana. Har yau ban gaya wa ƙanena ba, yanzu zai ji.

Kabiru ne ya tare ni. Muka shiga jirgin ƙasa mai shiru kamar masallaci, ba mai talla, ba kwandasta mai kiran tasha. Da muka iso na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a buɗe, ashe wani maɓalli ake dannawa. Kabiru yana baya da jakunkuna, ga kunyar suruka ta hana shi ɗaga murya. Kafin ya matso jirgi ya tashi da mu. Sai a tashar gaba muka sauka muka juyo.

Gidan yana ƙarshen wani ƙaramin gari. Su Bilkisu suna sama, mai gidan tana ƙasa, wata tsohuwa mai suna Helga, ta haura tamanin, siririya, kanta fari fat. Ni Iya Helga nake ce mata. Ranar da na iso ta miƙo mini hannu muka gaisa, ta ce barka da zuwa, shi ke nan. Ba ina gajiya, ba ya mutanen gida. Na ce wa Bilkisu, "Matar nan fushi take yi?" Ta ce, "A'a Umma, iyakar gaisuwar ke nan."

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki. Burodinsu in ka jefi mutum da shi sai an kai shi asibiti. Ruwan shansu yana tartsatsi a baki kamar lemon kwalba da aka manta ba a sa sukari ba. Shara gida huɗu ake raba ta, kuma sau biyu ina ganin Iya Helga tana gyara wadda na zuba. Ran Lahadi ba kanti a buɗe, ba a daka, ba a kunna inji. Rana kuwa tana faɗuwa, sai dai ba ta gaggawa. Sallar magariba sai bayan tara. Wankan jego a cikin baho muka yi da ruwan famfo mai zafi, ba tukunya ba itace. Ungozomar da ke zuwa duba mai jego ta tsoma hannu a ruwan ta cire da sauri, ta ce a sirka. Amma kunun kanwa ta sha kofi biyu.

Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. Bayan gidan akwai fili babba, ciyawa ta kai gwiwa, wani wuri har cinya, ga furanni barkatai a ciki. Gidajen maƙwabta duk an aske nasu kamar kan ɗan makaranta, namu ne kawai a haka. Kullum in na leƙa ta taga sai in ce a raina, tsohuwa ƙarfi ya ƙare, ba mai taimaka mata, kuma wannan yaro Kabiru ko kunya ba ya ji. Ga jariri a gida. Mu da muka tashi kusa da layin dogo a Agege mun san abin da doguwar ciyawa ke ɓoyewa.

Wata Talata Kabiru ya tafi aiki, Bilkisu da jariri suna barci, Iya Helga ta tafi ganin likita. Na shiga ɗan ɗakin ajiyar kaya na sami lauje da fartanya. Na ɗaure ɗamara. Ni 'yar manoman fadama ce kafin in zama mai sayar da ganye, hannuna bai manta ba. Kafin azahar na kwantar da ciyawar nan, na tattara na cusa a buhu. Gefe guda ma na kafta na yi kunya uku, da niyyar zuba irin alayyahu. Da na gama duka, sai dai kusa da shinge wani ganye ya harbe ni a hannu da ƙafa kamar kunama, wuri ya yi rudu-rudu. Shi ya sa na bar ɗan tsiri guda a bayan wata bishiya.

Ina zaune ina sosa hannu Iya Helga ta dawo. Na tashi ina murmushi, ina jiran godiya. Ta tsaya a bakin filin da jaka a hannu, ta daɗe ba ta motsa ba. Sai ta taka a hankali ta je wurin buhunan, ta zaro wani siririn kara mai furanni launin shanshanbale, duk sun yanƙwane. Ta riƙe shi ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Ko kallona ba ta yi ba.

Da Bilkisu ta leƙo ta taga sai ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Umma, me kika yi?"

Na ce, "Gyara na yi. Ko so kike maciji ya hau mana bene?"

Ta ce, "Ba daji ba ne, Umma. Shuka shi aka yi."

Da yamma Kabiru ya zauna nesa da ni, kansa a ƙasa, ya yi mini bayani. Mijin Iya Helga, kafin ya rasu, shi ya kwaso busasshiyar ciyawa daga makiyayar mahaifinsa ya baza a wannan fili, don irin furannin can su zuba a nan. Makiyayar yanzu babu ita, an gina ɗakunan ajiyar kaya a wurin. Ya ce, "Hajiya, mun fi wata shida muna neman gida. In an ji muryarmu a waya a ce mu zo, in an gan mu a ce an riga an bayar. Ita kaɗai ta karɓe mu. Kuma abu ɗaya ta roƙa, kada a taɓa bayan gida." Na ce me ya sa ba a gaya mini ba. Ya ce bai taɓa zaton zan ɗauki lauje ba.

Kwana uku Iya Helga ba ta fito ba sai ɗaukar wasiƙa. Abinci ya daina shiga mini. Na zo in rage wa yarinya wahala, ga shi ina neman jefa ta titi da ɗanyen goyo. Rana ta huɗu na soya waina, na sa Bilkisu a gaba don ta yi mana tafinta, muka ƙwanƙwasa. Tana buɗewa na durƙusa. Ta firgita, ta kama kafaɗata tana cewa in tashi, su ba a yi musu haka. Na ce a gaya mata a garinmu wanda ya yi laifi ba ya magana a tsaye.

Ta ba mu kujera. Karan furen nan yana cikin kofin ruwa a kan teburinta. Ta ce ta san ba da mugunta na yi ba, sai dai ta kasa magana ne. Sannan ta ce, "Ciyawa za ta sake fitowa. Yawancin furannin ma za su dawo, saiwarsu tana ƙasa. Wannan ne ban sani ba."

Sunansa da harshensu ya fi ƙarfin bakina. Bilkisu ta ce ma'anarsa ƙararrawar makiyaya. Iya Helga ta ce shekara biyu kawai yake yi a duniya. Shekarar farko ba ya tashi, 'yan ganye ne a kwance a ƙasa kamar an ajiye faifai. Shekara ta biyu ya miƙe, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. Waɗanda na yanke suna tsakiyar fure, ba su kai ga iri ba. Ƙananan kuma, masu jiran baɗi, yawancinsu suna daidai inda na kafta.

Nan na gane girman abin. Na yanke uwa, na tone 'ya'ya. Na ce, "A tambaye ta, bayan bishiya fa, inda ban kai ba?"

Muka fita mu uku. Iya Helga ta sunkuya tana buɗa ciyawa da sandarta. Muka ƙirga karan furen nan guda goma sha ɗaya a tsaye. Ranar na fara kallon furen da idon basira. Karansa siriri ne kamar tsinken tsintsiya, ya yi rassa a sama, kowane reshe da furensa. Furen kamar 'yar ƙararrawa, sai dai bakinta ya buɗe gida biyar, da wasu siraran jijiyoyi masu duhu a ciki. Ganyen ƙasa masu faɗin kai ne kamar cokali, na sama kuma sirara. Ta tsinke ganye ɗaya ta nuna mini, farin ruwa ya fito kamar na tumfafiya, amma kaɗan. Na tambaya ko ana ci, ko yana maganin wani abu. Ta ce ita dai ba ta sani ba. Na ce to me ake yi da shi? Ta ce, "Ana kallonsa." Ni kuwa a sana'ata ganyen da ba ya shiga tukunya ba shi da suna.

Ta ce matsalar ita ce irin. In ya nuna, wasu 'yan ƙofofi ne ke buɗewa a jikin kwanson, iska ta kaɗa ya watse, kuma ya fi ƙura ƙanƙanta. Guda goma sha ɗaya ba za su cika filin ba in aka bar wa iska. Na ce wa Bilkisu, "Gaya mata wannan kam aikina ne." Tun ina yarinya nake ganin mahaifiyata tana tara irin alayyahu. Na hau sama na yayyanka wani siririn gyalena, na ɗinka 'yan jakunkuna. Duk reshen da furensa ya bushe sai in sa masa jaka in ɗaure da zare. Iya Helga ta tsaya tana kallo, ta ce ba ta taɓa ganin fure da ɗankwali ba.

Daga nan kullum da safe muna bayan gida tare. Turancinta kaɗan, nawa na kasuwa, sauran da hannu. Wata rana ta ce in shirya za ta kai ni in ga inda furen yake da kansa. Muka hau bas zuwa wani ƙauye a gindin tudu, muka taka. Shanu suna kiwo ba makiyayi, kowace da ƙararrawa a wuya. Na ce da Fulaninmu sun gani da sun ce an mayar da saniya akuya. A gangaren tudun, inda rana ke bugawa kuma ƙasa ke da ɗan danshi, ga furen nan ko'ina, duk sun juya fuska wajen rana. An yi yayyafi da safen, da ɗan sanyi. Ta ɗaga wani fure da yatsa ta ce in leƙa. Wani ɗan ƙaramin ƙudan zuma ne baƙi a dunƙule a ciki, yana barci. Ta ce irinsu ba su da amya, ba sa yin zuma, in sanyi ko ruwa ya kama su a cikin furen suke fakewa, kuma da garinsa suke ciyar da 'ya'yansu. Na daɗe a tsugune. Shekarata sittin da biyu ban san ƙuda yana da masauki ba.

Da muka gangaro ta nuna mini wata makiyayar a kwari, kore shar, ciyawa ta yi kauri, amma ko fure ɗaya babu. Ta ce an zuba mata taki ne, kuma ana yanka ta akai-akai. In ƙasa ta ƙoshi, ciyawa ce ke yin ƙarfi ta shaƙe furen. Shi a ƙasa marar ƙarfi yake jin daɗi, wadda ake yanka sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan iri ya zuba. Wannan ya juya mini tunani, don ni a ranar ma ina shirin ce mata mu nemo kashin shanu mu zuba inda na kafta. Da na faɗa mata a cikin bas ɗin komawa ta riƙe sandarta da hannu biyu ta ce, "Talatu, kada ki sake ki taimake ni ba ki tambaya ba." Muka yi ta dariya har mai bas ya juyo.

Cikin watan Yuli kwansuna suka bushe. Muka kwance jakunkunan a kan farar takarda a teburinta, ta rufe taga, ta ce kada wanda ya yi atishawa. Duk abin da muka samu bai cika ƙaramin cokali ba. Na gauraya shi da yashi mai laushi yadda muke yi, don hannu ya iya raba shi. Muka baje kunyoyin alayyahuna, na watsa. Na kai hannu zan rufe da ƙasa, ta riƙe ni. Ta ce wannan iri sai ya ga haske yake tsirowa, a danna shi kawai. Muka bi muna takawa a hankali da tafin ƙafa, ni da ita, maƙwabcinta yana leƙe ta kan shinge. Ragowar ciyawar bayan bishiya kuwa Kabiru ta miƙa wa lauje ta ce yanzu lokacin yanka ya yi, ta tsaya a kansa har ya gama.

Sati uku ba ruwan sama sosai. Kullum ina yayyafa ruwa da hannu, kullum ina dubawa, ba komai sai ƙasa. Har na fara cewa a raina iska ta kwashe. Saura kwana biyar in taho, da safe na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar sama, abin da Iya Helga ba ta taɓa yi ba saboda gwiwarta. Ta ja ni har filin, ta ba ni gilashin da take karatu da shi. Na durƙusa. Wasu 'yan ganye ne bibbiyu, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, a warwatse. Na ce ta tabbata su ne, ba ciyawa ba? Ta ce wasu ciyawa ne, amma waɗannan da waɗancan ta san su. Ta ce in sun tsallake sanyin hunturu, baɗi za su yi fure.

Bilkisu ta tambaye ta maganar zamansu a gidan a ranar, a tsorace. Ta ce wace magana? Ita ba ta taɓa cewa kowa ya tashi ba.

Ran tafiyata ta ce sai ta raka ni tasha. Ta kawo mini burodin nan nasu mai tauri a takarda, na karɓa da hannu biyu. Na so in roƙi ɗan irin in zo da shi, amma na san zafin Legas ba zai bar shi ba, na haƙura. Muna tsaye muna jiran jirgi na ga tana ta motsa baki, ashe tun jiya ta sa Bilkisu ta koya mata wata kalma. Da jirgin ya tsaya ta kama hannuna da nata masu sanyi, ta ce da Hausa, "Sai baɗi."

Na dube ta, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, tana dogara sanda. Na ce, "Allah ya kai mu."

Ta juya wajen Bilkisu tana tambayar me na ce. Bilkisu ta fassara mata. Ta gyaɗa kai, ta ce, "Amin."